Keken Saƙar da Ke Zazzaɓi da Damina

Na ji abin da kuke faɗa jiya a kan bencin ƙofar shagona, don tsufa bai kai ga kunnena ba tukuna. Wai gyaran kayan lantarki ba wani aiki ba ne, ka buɗe, ka cire abin da ya ƙone, ka manna sabo, ka rufe. Wanda ya faɗi haka ma na taɓa ganin yadda ya cinye kan noti da sukurudireba, amma ba zan kama suna ba. Ban yi fushi ba. Ku da kuka tashi kuka tarar da kayan gyara jibge a kasuwa, dole ku ɗauka haka abin yake tun asali. To ku gyara zama in ba ku labarin lokacin da sabon babu shi, ko za ka yi kuka.

A Kabong na koyi aiki, wajen wani mutumin Ibo da muke kira Oga Emeka. Bayan yaƙin basasa ya dawo Jos da akwatin ƙarfe guda, a ciki duk dukiyarsa take. Mahaifina tela ne, shi ke yi masa ɗinki, shi ya kama hannuna ya kai ni. Kayan aikin shagon ba su da yawa. Akwai ƙarfen dalma mai aiki da wuta, da mita mai allura a cikin gidanta na katako, da gilashin ido irin na masu gyaran agogo. Akwai tsohon burushin haƙori, da kwalbar sifirit, da gwangwanin ƙaro wanda ake shafawa don dalma ta kama. Sai kuma wani kabad da Oga ya maƙala wa ƙwan lantarki a ciki, ba a kashe shi dare da rana. Nan muke ajiye duk abin da muke ji da shi, saboda laimar Jos in damina ta zauna ko ashana sai ta ƙi kamawa.

Na daɗe a shagon kafin ya bar ni in riƙe ƙarfen dalma. Yatsa ya fara koya mini. Sai ya kunna rediyo mai batir, ya buɗe bayanta, ya ce in bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsana, in gaya masa wanne ne ɗuminsa na lafiya, wanne ne ke zazzaɓi. Manyan rediyoyin da, masu kwalabe a ciki, kuwa ya hana ni ko kusantarsu, don wutar cikinsu ba ta wasa.

Wata rana wani mai shayi ya kawo rediyonsa. An canja masa tiransista a wani shago, ta ƙone, an sake canjawa, ta sake ƙonewa. Na taɓa na ji zafi, na ce, "Oga, ga mai laifin nan."

Ya girgiza kai. Hausarsa irin ta kasuwa ce, namiji da mace duk ɗaya ne a bakinsa. Ya ce, "Garba, abu da yana zafi ba shi ne ɓarawo ba. Shi yana kuka ne kawai. Ka nemo wanda yana duka shi."

Ya bi wayoyi a hankali har ya gano wayar sifika da murfi ya danne ta goge, tana taɓa ƙarfe. Ya naɗe ta, rediyo ta huce, tiransistar nan ba a sake canja ta ba. Daga nan ya ƙara mini abu na biyu: kafin in kwance noti ko ɗaya, in tambayi mai kaya ko wani ya taɓa shi kafin ni. Ya ce rabin ciwon da ke shigowa shago hannun mutum ne ya jawo shi.

Sai muguwar shekara ta zo, wajen ƙarshen shekarun saba'in. Aka tsuke shigo da kaya daga waje, kayan gyara suka ɓace kamar an share. Kamfanonin kuza kuma suna ta sallamar ma'aikata, Turawansu suna ɗaure kaya suna komawa gida. A wannan shekarar ce mahaifiyar Oga ta kwanta ciwo, ya tafi garinsu ya bar mini shago. Na koma fiɗar matattun rediyoyi ina rayar da masu sauran numfashi. Wayar dalma mai ƙaro a ciki, ragowar da ya bari, na naɗe ta a jikin guntun kara ina tsakura kamar mai sa gishiri a miyar mara lafiya.

Ana tsakiyar damina wani dattijo ya sauko daga motar Bukuru, rungume da wani abu mai tsawo da aka naɗe da bargo aka lulluɓe da leda. Shi kansa ya jiƙe sharkaf, amma ko ɗigo bai taɓa kayan ba. Dogo ne, hannayensa duk tabon ƙuna. Ya ce sunansa Malam Iro. Da ya warware bargon sai na ga keken saƙa, irin wanda ake saƙa rigunan sanyi da shi, amma wannan mai aiki da lantarki ne, ban taɓa ganin irinsa ba.

Ya ce, "Na maiɗakina ne. Wajen matar wani Bature ta samu da za su tafi. Ita ke saƙa wa 'yan makaranta rigunan sanyi." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni an sallame mu daga kamfani. Yanzu da wannan keken gidan yake ci."

Matsalar ita ce in ta fara saƙa lafiya lau, can sai adon ya rikice, furen da ake so ya koma kamar tonon kaza, kuma wani wari ya riƙa tashi. Na buɗe murfin sama. A kan fanel ɗin, wato farantin da kayan wuta ke zaune a kai, akwai aisi guda, ɗan baƙin abu mai ƙafafu jere a gefe biyu. Ku kun san aisi, amma wannan daban ne. Tun daga kamfanin da ya ƙera keken aka zuba masa nasa karatun, shi ke gaya wa allurai wacce za ta fito, wacce za ta koma. Ko da za ka samu mai kama da shi sak a kasuwa, fanko ne, bai san komai ba. In wannan ya mutu, keken ya zama ƙarfen awo.

Na tambaye shi a gaban mutanen da suka fake wa ruwa a shagon, "Baba, wani ya taɓa buɗe shi?"

Ya ce, "Babu," yana kallon ruwan da ke zuba daga kwano.

Na ce ya bar mini shi. Saboda darajarsa na kwantar da shi a kabad ɗin nan mai ƙwai. Washegari na jona, na ɗora yatsa a kan aisin, na yi ta tura kan keken yana kaiwa yana komowa har hannuna ya gaji. Ɗumi kawai, irin na lafiya. Na auna wutar da ke shiga, daidai take. Ban kwance ƙasan fanel ɗin ba, domin ba a fiɗar abin da ke aiki, balle wanda ba ka da na canji. Da Malam Iro ya dawo na ce masa ni ban ga ciwo ba. Ya yi godiya ya naɗe kayansa.

Ba a rufa mako ba sai ga shi, da bargonsa da ledarsa. Ciwon ya dawo. Na sake kwantar da shi a kabad, na sake gwadawa, keke ya yi aiki kamar yana mini dariya. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san duk zafin da aisin nan ya yi, kwanansa ne ke raguwa. Mai shayin da ke gefen shagon ya ce wataƙila aljanun Bukuru ne ba sa son saƙa. Na ce masa in aljanu ne to masu tsoron ƙwan lantarki ne. Ina rufe baki sai maganar ta tsaya mini a rai. Keken nan lafiyarsa ƙalau in ya kwana a busasshen wuri. Na ce wa Malam Iro ya koma da shi, su bar shi a inda ya saba zama, kada a kunna, ni zan biyo shi bayan kwana biyu in gan shi a ɗakinsa.

Gidan haya ne a bayan kasuwar Bukuru. A zaure na tarar da Malam Iro da abin da ya koma yi bayan sallama: liƙin bokiti da fitilu da butoci. Ga kaskon gawayi, ga ƙarfen jan gaci da ake gasawa a wuta, ga sandar dalma, ga wata kwalba da ruwa mai launin ƙasa a ciki. Na san kwalbar. Asid ne da masu liƙin kwano ke jefa wa ɓawon tsohon batir, su shafa don dalma ta kama ƙarfe. Na kalle ta na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Ya shiga ya yi mini iso. Matarsa, wadda na kira Inna don ta haife ni, ta yafa mayafi ta amsa gaisuwata daga bakin gado. Ɗakin ƙarami ne, bangon ya sha ruwa har ya yi duhu daga ƙasa. An ɗaura igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, an shanya rigunan sanyi da ta wanke, don a waje rana ta yi kwanaki ba ta leƙo ba. Iskar ɗakin kanta a jiƙe take.

Na ce, "Inna, a kunna a yi saƙa yadda aka saba, ni zan sa hannu a ciki."

Ta zauna ta fara. Layukan farko suka fito tsaf. Can sai na ji aisin yana ɗaukar zafi a ƙarƙashin yatsana, kafin in ankara ya kai inda ba na iya jurewa. Na fizge wayar daga bango. Ta ɗago ta dube ni, hannunta na kan keken.

Ta ce, "Malam Garba, ka gaya mini gaskiya. Zai tashi?"

Na ce, "Ban sani ba tukuna, Inna. Amma yau na ga ciwon da idona, wannan ma ci gaba ne."

Wutar da ke shiga daidai take, na sake aunawa. Ke nan wani abu ne a kusa da aisin ke dukansa. Na kwance fanel ɗin gaba ɗaya, na juya bayansa, na sa gilashi a ido. Ƙafafun aisin na gefe guda dalmar kamfani ce, siririya, ta dushe. Na ɗaya gefen kuwa sabuwar dalma ce, sumul, mai ƙyalli, an cika ta fam kamar gindin bokiti. Aikin hannu ne mai kyau, na gwani. Amma tsakanin ƙafa da ƙafa wani kore-kore ya tsiro kamar gansakuka, ya haɗe su. Na kai hanci na ji tsami. Nan take kwalbar zaure ta faɗo mini.

Ga yadda abin yake. Asid ɗin nan a jikin bokiti ba ya komai, ruwa zai wanke shi. A kan fanel kuwa yana nan kwance. Da rani ya bushe, ba ya cutar da kowa. Da laima ta sauka sai ya jiƙe ya farka, ya riƙa cin ƙarfe, ya buɗe wa wuta hanya tsakanin ƙafafun da bai kamata su gaisa ba. Aisin yana tura wuta, tana zurarewa, yana ƙara turawa, shi ne zazzaɓin. In ya kwana a kabad ɗina ya bushe sai ya warke na ɗan lokaci.

Inna ta ce, "Me ka gani?"

Malam Iro yana tsaye a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Laima ce ta shige shi, Inna. Bari in fita da shi zaure inda akwai haske." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba.

A zaure na miƙa masa gilashin, na nuna masa wurin. Ya daɗe yana kallo. Da ya sauke sai ya ba ni tausayi matuƙa.

Ya ce, "Da rani ne, da muka taso daga gidan kamfani. A amalanke aka ɗauko shi, ya sha girgiza, ya ƙi tashi. Ta tafi suna, na buɗe na ga dalma ta tsage a ƙafa ɗaya. Na liƙe, na ce bari in ƙarfafa sauran. Ya tashi kuwa. Tun da aka sallame ni ban yi abin da ya faranta mini rai kamar wannan ba." Ya miƙo mini gilashin. "Na kashe mata shi ke nan?"

Na ce, "Bai mutu ba tukuna, Baba. Hannunka ba shi da laifi, ruwan kwalbar nan ne ba na nan ba. Ita kuma na gaya mata laima ce, a bar shi a haka."

Ya ce me za a yi.

Tare muka yi aikin. Ƙarfen dalmata mai wuta yakan yi ɗan yoyon lantarki, ina tsoronsa a kan aisin da ya riga ya galabaita. Sai Malam Iro ya ɗauko guntun jan gaci, ya goge bakinsa da zarto har ya yi tsini kamar fensir, ya sa a kasko. Na tsefe waya mai gashi na tsoma a ƙaro, da ita muka riƙa tsotse tsohuwar dalmar ƙafa bayan ƙafa, ina dafe da jiƙaƙƙen ƙyalle a bayan aisin don kada zafi ya shige shi. Muka jiƙa 'yar kanwa, na goge wurin da burushi don ta kashe tsamin. Muka ɗauraye da ruwan sama da aka tara a bokiti mai tsabta, muka sake ɗaurayewa, don ita ma kanwar in ta zauna wata fitinar ce. Na bi da sifirit. Sannan muka jingine fanel ɗin nesa da kaskon, inda ɗumi kawai ke isa, muka tafi masallaci.

Bayan la'asar ya bushe ƙayau. Na warware ragowar wayar dalmata daga jikin kara. Na liƙe ƙafa ɗaya don ya ga yawan da ake so, sannan na miƙa masa. Ya dube ni. Na ce, "Ka fi ni sanin lokacin da dalma ta sha, Baba, ni dai in riƙe maka." Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, taɓawa ɗaya ya ɗauke, ko kamfanin sai haka.

Muka koma ciki na mayar da komai. Na roƙi Inna ta kwashe shanyar daga ɗakin, ta kwashe. Na ɗauki wayar zan jona ke nan sai Malam Iro ya ce in dakata. Ya tsaya a gaban matarsa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Kafin a kunna, ki sani ba laima kaɗai ba ce. Ni na buɗe shi da rani, na sa masa ruwan liƙin bokiti. In bai tashi ba, ni ne."

Ni dai na rasa inda zan sa idona. Na riga na ba shi mafita, kuma ba wanda ya san ko keken zai tashi. Inna ta gyara zaren ulu a yatsanta, ba ta ko ɗaga murya ba.

Ta ce, "Na sani, Malam. Ranar da na dawo daga suna na tarar da keken da na bari a mace yana aiki, ɗakina kuma yana warin zaurenka. Da ba ka taɓa shi ba, ai da tun rani muka daina ci da shi. Sa hularka. Malam Garba, kunna."

Na jona, na ɗora yatsa. Ta fara tura keken. Layi ya bi layi, furen farko ya fito, na biyu ya biyo. Muka wuce inda ɗazu ya rikice, ina jiran zafi, bai zo ba. Ɗumi ne kawai irin na goshin yaro mai lafiya. Ta yi ta saƙa har gaban riga ya sauko mata a cinya, yatsana bai motsa ba. Sai a lokacin na ɗauke shi.

Da ta ɗaga saƙar a haske muka ga abu guda. A cikin kowane fure akwai ido ɗaya da allura ba ta ɗauka ba. Ƙafa ɗaya ta aisin ta riga ta ƙone daga ciki, wannan kuwa ba mai gyara ta. Na gaya mata. Ta shafa wurin da babban yatsa ta ce in ta tuna za ta riƙa tura allurar da hannu, in aiki ya yi yawa kuma 'yan makaranta ba ƙirga ido suke yi ba. Kafin in tafi Malam Iro ya tambaye ni yadda ake haɗa kabad mai ƙwai, na zana masa a ƙasa da tsinke. Keken nan ya yi shekaru yana aiki bayan haka, kuma in na je Bukuru na ga yara sun taso daga makaranta, daga nesa nake gane saƙarta.

Da Oga Emeka ya dawo na ba shi labari. Ya ce, "Ka tambaye shi ko wani ya taɓa?" Na ce na tambaya. Ya ce, "A ina?" Na ce a shago, a gaban mutane. Ya yi dariya ya ce, "To wane dattijo zai amsa maka a nan?" Tun daga ranar, in zan yi wannan tambayar sai na ja mai kaya gefe, inda zai iya faɗin gaskiya bai zubar da girmansa ba. Wannan ba ya cikin mita, ba ya cikin littafin kowane kamfani, kuma ya cece ni fiye da duk kayan aikin da ke kan teburin nan.

Da sanyi ya shigo a shekarar, Malam Iro ya sake saukowa daga motar Bukuru, wannan karon da ɗan ƙunshi a hammata. Rigar sanyi ce Inna ta saƙa mini. Ya ce ta ce a gaya mini da gangan ba ta tura allurar ba a tawa. Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Rigar ce wannan da ke ƙarƙashin kaftanina, ta koɗe, an sha yi mata faci a gwiwar hannu. Kai mai cewa a cire a manna sabo, matso ka kawo yatsanka nan, tsakiyar furen. Ɗan gurbin da ka ji, shi ke nan abin da gidan ya rasa.